Ƙarara a Gonar Malam Ishiyaku

Gonar Gwaji, ƙasar Zazzau,
8 ga Afrilu, 1957.

Zuwa ga bawana Ramalan,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Lami da yara, kuma ana shan ruwa lafiya. Ni ƙalau nake, sai ɗan ciwon ido da karatu ya jawo mini, cutar da na tabbata ba za ta taɓa kama ka ba. Ka gaida mini Iya, ka ce mata ɗanta yana nan yana ƙiba. Kada ka ɓata rai da sunan da na kira ka. Kakarka Hadiza da kakana Hammadu ciki ɗaya suka fito, kai jikan mace ne, ni jikan namiji. Ko da shekara ɗari ka girme ni, taubashina ne kai, kuma bawana.

Saƙonka ya iso, cewa Dagacin Kwarin Dinya ya yi magana a kan gonar Baba, Malam Ishiyaku, Allah ya ji ƙansa. Wai damina biyu ke nan tana kwance tun rasuwarsa, in ta sake kwanciya zai ba wani. To, ba za ta kwanta ba. Ita kaɗai Baba ya bari, kuma daga cikinta Iya za ta ci har ƙarshen ranta.

Na ba direban motar Rano buhu biyu na takin zamani, wanda ake kira sufa. Fari-fari ne, don Allah kada Lami ta zuba a miya. A cikinsa akwai wani abincin shuka da muke ce wa fosforas. Shi ne ke ba saiwa ƙarfi, shi ke sa gyaɗa ta cika ɓawonta. Ƙasarku ta Kibiya ba ta da shi, ko kuwa tana da shi kun cinye tun zamanin kakanni, kuna ɗiba kuna ɗiba, ba ku mayar mata da komai sai tokar murhu kwando biyu.

Ga abin da za ka yi. Ka ajiye garmar hannun nan da kuke sosa wa ƙasa baya da ita. Ka je Rano wurin Zailani mai garmar shanu, ka ce ni na aiko ka. Ya kifar da gonar baki ɗaya, ya zurfafa sosai, na ƙasa ya dawo sama. Sannan ka watsa sufa ko'ina, ya sake bi ya cakuɗa, ka shuka gyaɗa. Na ji an ce ka shiga ajin yaƙi da jahilci har ka fara haɗa baƙi. Madalla. In wata kalma ta fi ƙarfinka ka kai wa malamin ajin, kada ka yi mini fassarar kanka.

Ubangidanka,
Dalhatu.

Kwarin Dinya, ta Kibiya,
2 ga Mayu, 1957.

Zuwa ga ubangidana na takarda, Malam Dalhatu,

Ina gaishe ka, an yi salla lafiya. Mu duk lafiya muke, sai gwiwar Iya da ta matsa mata. Na isar mata da gaisuwarka, ta amsa, ta ce in tambaye ka ko ƙibar ce ta hana ka shiga mota shekara biyu.

Takardarka ni na karanta ta da kaina, a zama ɗaya. Ban ga kalmar da ta fi ƙarfina ba, na dai ga hankalin da bai kai nawa ba. Buhunan sun iso. Lami ta ɗanɗana, wallahi ba wasa nake ba, ta ce in haka Turawa ke cin gishiri dole su yi fari.

Malam, na bi babanka a gonar nan damina goma sha ɗaya, lokacin kai kana makaranta kana cin tuwon gwamnati. Baƙar ƙasar da ke samanta kaurinta bai wuce tafin hannu ba. Ƙarƙashi jangargari ce, ja wur, irin wadda ake yaɓen ɗaki da ita. Babanka in garmarsa ta taɓo ja, tsayawa yake ya mayar da ita da ƙafa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce jar mayya ce, duk abin da aka ba ta lashewa take ba ta fitarwa. Shi ya yi shekara arba'in yana ɓoye ta, kai daga kan kujera ka ce a ɗauko ta a ɗora a sama.

Amma gona taka ce, taki naka ne, ni kuwa bawa. Na yi magana da Zailani, ruwa na sauka zai kawo shanunsa. In ta yi kyau kai ne gwani. In ta lalace na san wanda za a ce bai iya karatu ba.

Bawanka da ya girme ka,
Ramalan.

Kwarin Dinya, ta Kibiya,
17 ga Nuwamba, 1957.

Zuwa ga gwanin manoman Zazzau,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, an yi kaka, kowa ya sami abin da ya samu. Iya tana takawa da sanda yanzu, amma bakinta lafiya lau.

Albishirinka, an cire gyaɗarka. Zailani ya yi aiki yadda ka ce, har ya wuce. Ranar da ya gama, gonar ta koma ja daga wannan iyaka zuwa waccan, masu wucewa kasuwar Kibiya suna tambaya ko masallaci za a gina. Na watsa sufa, ya cakuɗa. Ruwa biyu aka yi ƙasar ta ɗaure kamar daɓen tsakar gida. Gyaɗa ta fito 'yar tsugul, ganye ƙanana, gindinsu ya yi jaja-jaja, ta tsaya nan ba ta gaba ba ta baya. Da muka cire, in ka girgiza sai ka ji shiru, ɓawo ne ba ƙwaya. Da ƙyar muka mai da iri.

Akwai dai wani abu. Ka san kusurwar nan ta gindin dutse, ko ka manta? Shanu ba su iya juyawa a wurin ba, sai Zailani ya bar ta. Na yi mata kunya bakwai da garmar sosa baya, ban taɓo ja ba. Ɗan sufan da ya rage a gindin buhu bai isa watsawa ba, sai na riƙa ɗiba da yatsu uku ina sawa a gefen kowane rami. Kunya bakwai ɗin nan sun ba da abin da rabin gonar bai bayar ba. Ni jahili ne, ban san dalili ba, sai ka duba mana a littafi.

Dagaci ya ga an noma, ya bar maganar, gona tana hannunmu. Iya kuwa daga rumbuna take ci bana. Ni ba ya damuna, amma ka san halinta, kowace loma da kunya take haɗiye ta.

Ramalan.

Gonar Gwaji,
9 ga Disamba, 1957.

Ramalan,

Na ga takardarka, ina fatan gwiwar Iya ta yi sauƙi. A nan mun zuba sufa irin wannan, gyaɗa ta ninka. Taki ba ya ƙarya, mutane ke yi. Buhu biyu na aiko. Ina so in san ko duka biyun suka shiga gonar Baba, don na ji an ce geronka bana ya fi na kowa tsawo a Kwarin Dinya.

Dalhatu.

Gonar Gwaji,
14 ga Afrilu, 1958.

Zuwa ga bawana mai fushi,

Bayan gaisuwa, da fatan kowa lafiya, musamman Iya. Wata huɗu ban ga rubutunka ba, sai gwangwanin jar ƙasa da ka ba direba, ko layi ɗaya ba ka sa a ciki ba. Na gane nufinka. Na kai shi ɗakin gwaji, sufan yana ciki, da yawa ma. Saboda haka maganar geron a bar ta, ta wuce.

Amma kada ka yi saurin ɗaga kai. Na ce a zurfafa, ban ce a haƙa rijiya ba. Mai hankali da ya ga ja ta fito da ya tsai da shanu. Ƙasarmu ta nan da muka gwada fara ce mai yashi, taku daban ce, kuma ga abin da ya faru. Jar ƙasa tana da tsatsar ƙarfe a jikinta, shi ya sa take ja. Tsatsar nan in ta haɗu da fosforas sai ta damƙe shi, saiwa ta zo ta tarar da shi a kulle. Na gwada da hannuna: na jiƙa sufa a kwalba, na zuba ƙasarka, na girgiza, na bar ta ta kwana biyu, na tace ruwan, kusan ba abin da ya rage a cikinsa. Da kuka watsa kuka cakuɗa, kowace ƙwayar taki ta sami mai riƙe ta. A kunyoyinka bakwai kuwa an tara shi wuri ɗaya cikin baƙar ƙasa, jar ba ta kai gare shi ba. Sa'a ka yi, ba sani ba.

Abin da ya kamata ka fahimta, in ka iya, shi ne takin bai ɓace ba. Yana nan a gonar, riƙe shi aka yi, kuma akwai hanyar karɓo shi. Na ba direba jakar iri, wani wake ne mai yaɗo. Bana kada garma ta shiga gonar nan, ta shanu ko ta hannu. Sungumi kawai, ka sara rami ka jefa. In ya rufe ƙasa kada ka nome, kada ka yanka harawa, kada ka sa wuta. Saiwarsa tana shiga ta ɓamɓaro wani sashi na abin da jar ta riƙe, ta hau da shi cikin ganye. Ganyen ya zube ya ruɓe a sama, ya ajiye shi inda gyaɗa za ta iya kaiwa, ruɓin kuma yana sa jar ta sassauta riƙonta. Ba a cin waken, ƙasa ake shuka wa. Baɗi sai mu zuba gyaɗa a kan ruɓin ba tare da an juya komai ba.

Ka ce wa Iya ta yi haƙuri shekara ɗaya.

Ubangidanka,
Dalhatu.

Kwarin Dinya, ta Kibiya,
30 ga Yuni, 1958.

Zuwa ga ubangidana da bai iya cewa a gafarce ni ba,

Ina gaishe ka, mun yi babbar salla lafiya. Iya ta sami naman gidaje huɗu, ta ce na gidan ɗanta ne bai iso ba tukuna.

To, ashe mayyar babanka ce ka sa wa suna tsatsa. Sai da ka girgiza kwalba kwana biyu ka gano abin da ya gaya mini kyauta yana share gumi. Allah ya ƙara ilimi.

Na shuka irinka, ya fito, ya yi yaɗo. Malam, wannan ƙarara ce. Na san za ka ce irin da ba ya ƙaiƙayi ne, na kuwa shafa na ji bai yi ba, amma ganyen na ƙarara ne, yaɗon na ƙarara ne. Abin da kowa yake sarewa a bakin shinge yana tsine masa, shi na tsuguna na shuka da sungumi, ina da furfura. Yara sun sa mini suna Sarkin Ƙarara, har a masallaci ana matsawa in na zauna.

Yanzu ka saurara, wallahi ba wasa nake ba. Gonar da ba huɗa, ba kunya, ba abin da ɗan Adam zai sa a baki, a garin nan sunanta saura. Dagaci da ido yake duba gona, ba da kwalba ba, kuma ka tuna abin da ya ce in ta sake kwanciya. Ka sa wandon kakinka da hular kwanon nan ta Turawa, ka zo ka yi masa bayanin tsatsa da bakinka. In ya ga hular wataƙila tsoro ya sa ya yarda.

Sarkin Ƙarara,
Ramalan.

Kwarin Dinya, ta Kibiya,
21 ga Satumba, 1958.

Malam Dalhatu,

Gaisuwa. Muna lafiya, Iya ta yi zazzaɓi ta warke. Ba ka ba ni amsa ba.

Ƙararka ta rufe gonar ruf, ta hau dutse, ta fara leƙa gonar maƙwabta. Alu, wanda gonarsa ke yamma da taku, ya je gaban Dagaci. Baki tara yake ciyarwa da fili ɗan mitsitsi, ya ce ga ƙasa a kwance kusa da shi ciyawa na ci, shi 'ya'yansa ba su ƙoshi. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne haka zan yi. Dagaci ya ce a gaya wa mai gona ya zo kafin ranar da za a saki shanun Fulani cikin gonaki bayan girbi. In ranar ta zo bai zo ba, zai fita da dattawa su duba, abin da ido ya gani shi za a yi.

Ka taho. Ko kwana ɗaya ne ka taho.

Ramalan.

Gonar Gwaji,
24 ga Nuwamba, 1958.

Zuwa ga Mai girma Sarkin Ƙarara,

Ranka ya daɗe, yaya sarauta? Ina lafiya, ina fatan Iya ta murmure sarai. Na yi kusan wata biyar ina rangadi a ƙauyukan kudu, da na dawo na tarar da takardunka biyu a kan tebur. Na karanta wa abokan aikina ta farko, wani har da hawaye don dariya. Maganar hular kwanon ta fi ba su daɗi.

Ta biyun ma ka yi ƙoƙari. Alu mai baki tara, da Dagaci, da wa'adi, kai, ka iya tsara magana. Na san so kake ka ga na sauko daga mota a guje ina haki, ka tara mutanen kasuwa ku yi mini dariya. Kullum in ka ce wallahi ba wasa kake ba, to wasan ne ya yi nisa. Haka ka rantse Lami ta ci taki.

Ba zan iya tasowa yanzu ba ko da ina so. Ana shirin nunin amfanin gona na bikin mulkin kai, kuma filin waken nan namu ni aka damƙa wa. Amma don kada ka ce ban yi komai ba, ga takarda nan na buga da keken rubutu, da Turanci, Baturen da ke shugabantarmu ya sa hannu da hatimi, cewa gonar tana ƙarƙashin gwaji. In har da gaske wani mai rawani ya kasa bambanta shuka da ciyawa, ka nuna masa. Ba sai ya karanta ba, hatimin ya ishe shi.

Ubangidanka,
Dalhatu.

Kwarin Dinya, ta Kibiya,
11 ga Janairu, 1959.

Dalhatu,

Muna lafiya. Gona ta tafi.

An saki shanu ranar Talata, ranar Laraba da hantsi Dagaci ya fito da Liman da dattawa biyar, Alu yana biye. Aka kira ni, tun da ni ke riƙe da ita. Muka tsaya a bakin iyaka. Ganyen ya fara bushewa, ya kwanta a kan juna har idon sawu. Dagaci bai zo da mugunta ba, ka san wannan. Ya sa sandarsa ya ɗaga yaɗon, ya duba ƙasa, ya daɗe yana dubawa. Ya tambaye ni ko abin nan shuka shi aka yi ko fitowa ya yi. Na ce shuka shi aka yi, da hannuna. Ya tambaya wa zai ci.

A nan ne zan gaya maka abin da ya sa na yi makonni ban iya ɗaukar alƙalami ba. Takardarka ta bayanin tsatsa tana aljihuna. Na karanta ta ya fi sau goma, na kuma gane ta, don na ga kunyoyina bakwai da idona. Da na buɗe baki na faɗi abin da ke cikinta da maganar da babanka ya gaya mini, dattawan nan duk sun san babanka, sun san jar ƙasa, da sun saurara. Amma na ga fuskokinsu suna jiran dariya. Wata shida ana yi da ni, na gaji da zama abin dariya ni kaɗai, kuma raina yana cike da kai tun maganar gero. Sai na ji bakina ya ce:

"Ranka ya daɗe, ƙasa ce za ta ci. Taubashina ne ya yi karatu har ya zarce, yanzu ƙasa yake dafa wa tuwo."

Aka kwashe da dariya, har Liman. Ni ma na yi. Da aka natsu Dagaci ya dube ni, ba ya dariya, ya ce:

"Ramalan, ashe kai ma da ka shuka ba ka ɗauke ta noma ba."

Na buɗe baki in gyara, ya riga ya juya wurin Alu. A nan take aka zagaya iyaka aka damƙa masa, Liman ya yi addu'a.

Takardarka mai hatimi ta iso bayan kwana shida. Na kai. Ba wanda ya iya Turanci a fadar. Dagaci ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta, ya yaba kyan takardar, ya mayar mini. Ya ce an riga an yi addu'a a kan magana, kuma shi mutum ya kira, ba takarda ba.

Ni na je na gaya wa Iya. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni wa ya tsaya mana a wurin, na ce ni. Ta tambaya me na ce. Na gaya mata yadda na faɗa, ban rage ba. Ta ce in tashi in tafi, rana ta yi.

Na yi kunya, Dalhatu, irin wadda ban taɓa yi ba. Amma kada ka ɗauka kai ka fita. Na ce maka ka taho, sau biyu, kai kuwa ka karanta wa abokanka suka yi hawaye.

Ramalan.

Gonar Gwaji,
19 ga Oktoba, 1959.

Ramalan,

Ina lafiya. Ban rubuto ba duk watannin nan don ba ni da abin da zan ce wa mutumin da ya ba da gonar dangi don dattawa biyar su yi dariya. Na ɗauke ka jahili, ashe na yi maka adalci da yawa. Jahili bai sani ba, kai ka sani. Na rubuta ƙara zuwa sama har sau biyu, aka ce maganar gona ta mai gari ce, kuma wanda ke riƙe da ita da bakinsa ya ce ba noma ba ne. Ka ga ko a can shaidarka ce ta kashe ni.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Direban Rano ya ce mini a kasuwar Kibiya ba a maganar komai sai gyaɗar Alu. Ina bukatar in san abu uku, kuma ka amsa su daidai, ba ba'a. Ya sa garma ko bai sa ba? Ya ƙara taki ko bai ƙara ba? Buhu nawa ya samu, a auna a gabanka. Ina rubuta rahoto a kan jar ƙasa, shugabanmu ya ce in abin ya tabbata a gonar talaka za a kai shi duk inda ake da irin ƙasar, kuma sunana ne a kai. Wannan ya fi gona ɗaya, ko da yake ban sa ran ka gane ba. Ka hanzarta, kafin ƙarshen wata mai zuwa nake so.

A gaida Iya.

Dalhatu.

Kwarin Dinya, ta Kibiya,
22 ga Nuwamba, 1959.

Dalhatu,

Na ga takardarka. Ni da iyalina lafiya muke. Abin da ka kira ni na karɓa, na kira kaina wanda ya fi shi. Ga amsarka, ba ba'a.

Alu bai sa garma ba. Ba hikima ba ce, ba shi da abin ɗauko shanu, kuma ciwon baya ya kwantar da shi farkon damina. Shanun Fulani sun ci saman ƙararar da rani, suka tattake sauran, suka bar kashi. Gara ta shiga ta yi nata aikin. Da ruwa ya sauka na je na tona da yatsa, sama ta yi duhu ta yi laushi, jar ta koma ƙasa ta kwanta. Shi da 'ya'yansa suka bi da sungumi suka jefa iri cikin ruɓin. Taki bai ƙara ko ƙwaya ba, bai ma taɓa riƙe sufa a hannunsa ba. Buhunanka biyu na shekarar farko su gyaɗarsa ta ci, shi bai sani ba, ni kuwa ban gaya masa ba.

Buhu goma sha huɗu ya ɗaure, a gabana. Babanka a shekarar da ta fi yi masa kyau tara ya samu. Kana da gaskiya, Malam. Tsatsar gaskiya ce, waken gaskiya ne, barin garmar gaskiya ne. Mutum huɗu sun zo gidana neman irin ƙarara, har da ɗan Liman. Ka rubuta, ka sa sunanka da manyan baƙi.

Tun da awo kake so, akwai wani da ba ka tambaya ba. Tun ranar da na gaya wa Iya abin da na faɗa gaban Dagaci, ba ta sake karɓar ko mudu ɗaya daga gidana ba. Lami ta kai ta dawo da shi, na kai da kaina ta rufe ƙofa. Ɗan abin da kake aiko mata sau biyu a shekara ba ya kai ta tsakiyar damina. Kaɗi take yi, da 'yar daddawa, da haka take rufa wa kanta asiri.

Shekaranjiya da safe na fito zan tafi kasuwa, na hango ta a ƙofar gidan Alu da sandarta da ƙwarya. Izini ta je nema ta yi roro, ta bi bayan masu cira ta tsinci gyaɗar da ta saura a ƙasa, yadda tsofaffin da ba su da kowa suke yi. Alu ya ji nauyi, ya shiga ya jawo buhu guda ya ce ta ɗauka. Ta ce ita ba sadaka ta zo nema ba, roro al'ada ce, a bar ta ta yi. Na ajiye kasuwar na bi ta daga nesa. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa, saboda haka zama ta yi a ƙasa, tana jan jiki daga wannan wuri zuwa wancan, tana tona da hannu. Ta san gonar ciki da waje, daga gindin dutse ta fara. Har la'asar tana ciki. Na matsa in ɗaukar mata ƙwaryar ta hana ni, sai da na ce kai ne ka aiko a auna maka, sannan ta sake ta.

Ƙwarya uku da rabi ta samu, ka ƙara a rahotonka. Ta fasa guda ɗaya ta duba, ta ce gyaɗar ta cika ɓawo, a gaya maka ka iya noma.

Ramalan.